Kyamara a Hannun Mai Igiya

Shekara talatin da shida ina riƙe da igiyar Hisae, ban taɓa ganin aikinta ba. Takan rungumi curin dalma a bakin jirgi, ta dube ni, ta ja numfashi, ta kifa kai, sai koren ruwa ya haɗiye ta. Daga nan ba ni da komai sai igiyar da ke ɗaure a ƙugunta. Tana zarewa ta tsakanin yatsuna, ina ƙirga a zuci, har in ji ta fizgo sau ɗaya. Sai in ja da duk ƙarfina, domin macen da ta sauka gaba bakwai da numfashi ɗaya ba ta da sauran iskar da za ta hau da kanta.

Haka ama masu jirgi, wato mata masu sana'ar nutso, suke aiki a ƙauyenmu. Mace tana ƙasa tana ɓamɓaro awabi, wata katantanwar teku mai tsada, daga jikin dutse da ɗan ƙarfenta, miji yana sama. Ba a ba bare igiya. In ba miji ba, sai ɗan'uwa na jini.

A watan Mayu likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, sannan ya ce wata ƙofa a zuciyarta ba ta rufuwa da kyau, ta bar nutso. Hisae ta gaya masa cikin ladabi cewa ta fara shiga teku tun kafin a yaye shi, kuma ba za ta bari a tsakiyar kaka kamar wadda aka kora ba. Suka yi ta ciniki sai ka ce a kasuwar kifi. A ƙarshe ya yarda ta ƙarasa bana, zuwa sha huɗu ga Satumba, ranar da ake rufe kamun awabi, bisa sharaɗin kada ta wuce daƙiƙa arba'in a ƙasa. Da zai faɗi arba'in ɗin ni ya duba, ba ita ba. Ya san wanda ke ƙirga.

Ban yi makaranta mai nisa ba. Ina ɗan sha biyar na shiga jirgin mahaifina, sauran abin da na sani kuwa daga littattafan motar laburare mai zuwa ranar Laraba na tsinto shi. Irin wannan karatu yakan sa mutum ya riƙa juya magana ɗaya har ta gaji. Maganar da na yi ta juyawa bayan asibiti ita ce: nan da wata huɗu abin da matar nan ta shekara hamsin da ɗaya tana yi zai ƙare, ba tare da wani ya gani ba. Hotunanta da muke da su duk na baƙi masu yawon buɗe ido ne, tana murmushi a bakin gaɓa, ta ɗaga awabi sama kamar an ba ta kyauta. Ni hoto ɗaya nake so, tana can ƙasa, ƙarfenta a ƙarƙashin dutse.

Shi ya kai ni kantin Kuwabara, mai sayar da kayan nutso a birni, tafiyar awa ɗaya a mota.

"Tokuji-san, zuwanka na biyar ke nan," in ji shi ranar wata Asabar a ƙarshen Yuni, yana zuba mini shayi. "Anya ba shayin nan ne ya kama ka ba?"

"Ina dai dubawa ne."

"Duba mana. Kallo kyauta ne, shi ya sa nake ramewa."

Ya sake fito da kyamarorin biyu ya ajiye a kan tebur, kamar yadda ya yi sau huɗu a baya. Ɗaya ta kamfanin Aokage ce, 'yar ƙarama ruwan ɗorawa, ba ta fi sabulun wanka ba, an rufe ta ruf tun daga masana'anta, ruwa ba ya shigarta. Ɗayar ta kamfanin Kuronami ce, baƙa, mai nauyi, ita kanta tsoron ruwa take yi, sai an kulle ta a cikin kwanson ƙarfe mai mariƙi biyu, da fitilu biyu a kan dogayen hannuwa kamar kaguwa ta fusata.

Na buɗe littafina. Na riga na cika shafi goma sha ɗaya da kwatance: wadda batirinta ya fi daɗewa, wadda ta fi saurin kama abu mai motsi, wadda ake samun kayan gyaranta a kusa. Kuwabara ya leƙa ya yi dariya.

"Ko ɗan jami'a bai yi wannan ba. Saurara, maganar gajeriya ce. Ruwa ɓarawon launi ne. Gaba uku kawai, ja ya mutu. Ka yanke yatsa a can ƙasa, jinin kore za ka gan shi. In ba ka kai haske kusa da mutum ba, ba ka ɗauke shi ba."

"Ƙaramar fa? An ce ana ɗaura ta a gora a zura daga jirgi."

"Ana yi. Hannu ɗaya ya ishe ka. Za ka sami wani abu mai kama da mutum yana yawo a cikin miyar miso. In matarka ce, in jakar leda ce, sai ka rubuta a bayan hoton."

"Babbar kuwa?"

"Babbar sai ka bi ta ciki da kanka. Kuma hannu biyu take so, kamar sabuwar haihuwa." Ya ƙwanƙwasa kwanson da farce. "Ka kuma sani, wannan kwanso don wannan kyamara kaɗai aka ƙera shi. In ka saya ka canja ra'ayi, ka sami tukunyar shuka fure mai tsadar gaske."

Na rufe littafin na ce zan yi tunani. Ya ce in gaida shayin gidanmu.

A mota na yarda da abin da na sani tun zuwana na farko. Shafuka goma sha ɗayan nan duk hanyar ɓuya ce. Bambancin kamfanonin biyu a wurina ba batiri ba ne, ba launi ba ne. Ɗaya tana bar mini hannun da zan riƙe igiya, amma ba za ta nuna mini matata ba. Ɗayar za ta nuna mini ita, amma sai na saki igiya. Da tukunyar iskar numfashi ma ba zancen yi, ƙungiyar masunta ta hana shiga da ita wuraren ama. In zan sauka, da numfashina zan sauka, a daidai lokacin da take buƙata ta a sama.

Yuli ya shiga ya fita ina nan. Ranakun da ƙungiya ke ɗaga tutar izinin nutso ba su da yawa, kowace ta wuce sai in ji kamar an yanke wani abu daga jikin igiyar.

"Baban Kayo, takardun nan naka sun fara haihuwa," in ji Hisae wata rana bayan abincin rana, tana ture tallan kamfanoni da ƙafa don ta sami wurin zama a kan tabarma. "Jiya bakwai ne."

"Ina tunanin ƙaramar. Ana iya ɗaura miki ita a goshi."

"A goshi? Kamar mai haƙar kwal?" Ta ɗauki tallan ta nisanta shi da ido. "To me za ka gani? Dutse da ciyawa. In dutse kake marmari, ga su can cike da bakin gaɓa, ba ko sisi."

Ta ajiye takardar ta dube ni.

"Ni kake son gani."

"I."

"Tsohuwa cikin rigar roba, ɗuwawu a sama. To ka sauko mana."

"Igiya fa?"

"Yaya yana nan, me yake yi in ban da kallon talabijin?"

Ta faɗa a sauƙaƙe, kamar wadda ta ce a ari tsani. Sai a lokacin na gane cewa wata biyu ina jiran ta hana ni ne. Da ta ce ba wanda zai taɓa igiyarta sai ni, da na sayi ƙaramar, ko in ƙi sayen kowace, in ce ba laifina ba ne. Ta ƙi rufe mini ƙofar. Ta bar ni a tsaye a bakinta.

Masaji yayanta ne, shekararsa saba'in da biyu, ya bar jirgin kamun tuna da daɗewa. Bayan rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe wa uwarsu igiya har ta daina. Na same shi a inuwar rumfarsa yana ɗinkin ragar da ba mai amfani da ita.

"Toku mai hoto!" ya ce. "An ce za ka zama kifi da tsufa."

"Nutso ɗaya ne, Yaya. Amma akwai sharaɗin likita. In ka ƙirga arba'in, ko ta fizgo ko ba ta fizgo ba, ka ja."

Ya ajiye allurar.

"Kai za ka koya mini igiya? Uwarta na ja shekara shida, ta fi ta nauyi, ta fi ta masifa. Dokar igiya ɗaya ce: ba a jan mace sai ta kira. In hannunta yana cikin kogo ka ja, ka karya shi, ko ka maƙale ta a can. Likitan naka ya taɓa ganin haka?"

"Ni ina jin lokacin da hannunta ke waje."

"Kai ke nan, da ka shekara talatin kana shafa igiyarta. Ni sai ta kira."

Gaskiyarsa ce, likita ma gaskiyarsa ce. Na tsaya ina neman wata magana ta uku da za ta haɗa su, ban samu ba. Na yi masa godiya na tafi, na bar abin a haka, ina gaya wa kaina ai Hisae ta san arba'in da kanta.

A ƙarshen Agusta na sayi Kuronami. Kuwabara ya koya mini shafa wa zoben robar kwanson mai, ya ce gashi ɗaya ya kwanta a kai, ruwa ya shiga, sai in yi wa kyamara jana'iza. Kullum da yamma nakan shiga ruwan tashar jirage ina gwaji. Na ɗauki cikin jirgin maƙwabcinmu, na ɗauki tsohuwar taya, na ɗauki ƙafata sau da yawa ba da niyya ba. A hankali na iya kaiwa gaba huɗu in ɗan tsaya. Sai guguwa biyu suka biyo juna, tuta ta kwana goma sha ɗaya ba a ɗaga ba. Da teku ta kwanta ta washe, rana ɗaya ta rage.

Ranar sha huɗu aka ɗaga tuta ƙarfe tara. Awa ɗaya da rabi ake bayarwa, jiniya ta tashi kowa ya fito. Muka tafi wani dutse da Hisae ta zaɓa don ni, mai zurfin gaba biyar, wanda gefensa na gabas ya gangara zuwa takwas. Awar farko ni na riƙe igiya. Ta fito da awabi huɗu, kowane nutso ta fizgo kafin arba'in, ta fito tana fiton nan da suke yi don daidaita numfashi. Masaji yana zaune a bayan jirgi yana cin dunƙulen shinkafa yana gyara mini riƙo da baki.

Saura minti ashirin da biyar Hisae ta kama gefen jirgi ta ce, "Baban Kayo, in za ka jiƙe, yanzu ne. Akwai wani babba a ƙasa, na bar maka shi."

Na miƙa wa Masaji igiya. Tana da ɗumin hannuna. Ya karɓa ya naɗa ta yadda ba na naɗawa.

"Cire wannan," in ji Hisae, tana nuna zaren da ke ɗaure kyamarar a wuyan hannuna. "Ba na son wani zare yana lilo kusa da igiyata."

Na cire. Na sauka ruwa, Masaji ya miƙo mini kyamarar yana cewa in gaida kifaye. Hisae ta rungumi dalma, ta dubi yayanta, ta kifa kai. Ban yi niyyar ƙirga ba. Ƙirgan ya fara da kansa, yadda ya saba.

A goma sha biyar na ja numfashi na bi ta. Igiyarta tana miƙe a gefen kafaɗata ta dama, ina sauka ina binta da ido. Kunnuwana suka toshe, na haɗiye yawu. A talatin na isa, na tsaya kamar tsawon mutum ɗaya a samanta.

Na gan ta. Kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama suna motsi kaɗan kaɗan, hannun hagu ya dafa dutse, na dama ya zura ƙarfe a ƙarƙashin wani awabi mai faɗin tafin hannu. Matar da ke dafa gwiwa kafin ta tashi daga tabarma, a nan ba abin da ke mata nauyi. Ciyawar teku tana kwanciya tana tashi, ita ma tana kwanciya tana tashi tare da ita, ba ta faɗa da komai. Ban san haka take ba. Shekara talatin da shida ina zaton wahala take sha a ƙasa, ni ne mai ceto.

Na ɗaga kyamarar da hannu biyu na kai ido. Ruwan yana da 'yan ƙananan tarkace masu yawo, idon kyamarar ya kama su, ya saki, ya sake kama su, ya ƙi kama ta. Talatin da takwas. Na danna a hankali yadda aka koya mini, ina jiran ta daidaita. Arba'in. Ba ta fizgo ba. Ta daina ɓamɓara, ta juyo da fuskarta wajena ta tsaya cak. Arba'in da huɗu. Hoton ya fara fitowa, ina ganin gilashin fuskarta yana washewa. Arba'in da bakwai.

Ban yanke shawarar komai ba, wannan na tabbata. Hannuwana ne suka buɗe. Suka saki kyamarar, suka kama igiyar da ke gefen kafaɗata, suka ja, kamar yadda suka yi sau dubun dubata a kan jirgi.

A sama Masaji ya ji fizga. Bai san tawa ba ce. Ya ja.

Igiya ta tsinko Hisae daga jikin dutse, ni kuma ban saki ba, sai ga tsoho ɗan saba'in da biyu yana jan mutum biyu. Na ga kyamarar tana sauka a hankali, fitilunta a kunne, ta bugi gefen dutsen ta gangara gabas. Muka fito kusan tare, ni ina tari ina amayar da ruwan gishiri, ita tana fito.

"Mutum biyu!" Masaji yana ihu yana dafe da ƙugu. "Cewa aka yi in ja ƙanwata, ba a ce har da mijinta ba! Bayana ya tafi! Toku, kai kifi ne ko anga?"

Hisae ta ɗaga gilashinta zuwa goshi. Sai da numfashinta ya dawo ta yi magana.

"Wa ya ja ni?"

"Ni ne."

"Na kira ka?"

"Kin wuce arba'in."

"Kai nake jira! Na tsaya kamar gunkin bakin hanya ina jiran fitilar nan ta haska. Wata uku kana zaɓe, ka zo ka tsaya kana kallona kamar saniya ta ga jirgin ƙasa." Ta dubi hannuwana. "Ina kyamarar?"

"Ta gangara."

"Gabas?"

Na gyaɗa kai. Na hau jirgi da ƙyar, na karɓi igiya daga hannun Masaji ba tare da na roƙa ba, shi ma bai hana ba. Ya duba agogo ya ce saura minti tara.

"Gaba takwas ne kawai," in ji Hisae. "Miƙo dalma."

"A'a."

"Kuɗin injin jirgi guda ne ke kwance a can."

"Ya kwanta. Ba za ki je ba."

Ban taɓa hana ta dalma ba tun da muka yi aure. Masaji ya juya yana kallon wasu jirage can nesa. Hisae ta riƙe gefen jirgi, ruwa yana ɗaga ta yana saukewa, tana dubana.

"To ba ni in koma wa awabina," ta ce. "Na riga na ji masa rauni. In na bar shi haka mutuwa zai yi a banza. Ba zan rufe shekara hamsin da aikin da aka tsinke ni a tsakiyarsa ba."

Na jawo dalmar da tata igiyar, na miƙa mata.

Igiyar ƙugunta tana da jan zare a kowace gaba. Na biyar ya wuce ta yatsuna bai tsaya ba. Na shida ya wuce, na bakwai, na takwas. Masaji ya ce wani abu ƙasa ƙasa, ban ji ba. A talatin igiyar ta karkata ta shiga gogar dutse, na san ta shiga ƙarƙashin gangaren. A arba'in tana nan tana goga. In na ja yanzu kanta zai bugi rufin dutse. Na tsaya da igiya a hannu, ba dama in ja, ba dama in bari. Hamsin. Na ji gogar ta daina. Hamsin da biyar. A hamsin da takwas ta fizgo.

Na ja, Masaji ya kama bayana ya ja tare da ni duk da ƙugunsa. Ta fito da kyamarar rungume a ƙirji. Leɓunanta sun yi shuɗi, fiton bai zo ba, sai wani tari busasshe da ya daɗe. Muka ɗago ta cikin jirgi muka lulluɓe ta. Tana kwance a kan katako jiniya ta tashi.

A gaɓa matan suka taru a bukkar wuta suna gasa dankali da busasshen kifi, labari ya riga mu isa. Tsohuwa Ine, wadda ta haura tamanin, ta sa aka ɗora kyamarar a kan ma'aunin ƙungiya.

"Kilo uku da rabi! Hisae-chan, wannan awabin a wane dutse yake fitowa? Ki gaya mana mu ma mu je baɗi."

"Sai kin sami miji mai sakin hannu," in ji Hisae daga bakin wuta. Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, tana dafe da ƙirji ta cikin bargo.

A gida na wanke kwanson da ruwan famfo na buɗe. Ko ɗigo bai shiga ba. Hoto na ƙarshe a ciki ƙafata ce, a tashar jirage.

Na yi ta juya ranar nan tun daga lokacin. Sakin kyamarar bai dame ni ba, hannu ne ya yi abin da ya sani. Tsayawar da ta yi tana jiran fitila, wannan da ni a ciki, amma zan iya cewa ban zata ba. Abin da na kasa ajiyewa shi ne dalmar. Awabin da aka taɓa aka saki yakan manne dutse yadda ko guduma ba ta cire shi a ranar, duk mijin ama ya san haka. Lokacin da ta ce za ta koma masa na san ba gaskiya ba ne, ita ma ta san na sani. Wasu ranaku ina gaya wa kaina na miƙa ne don ba ni da ikon hana mace nutsonta na ƙarshe. Wasu ranaku ina tuna cewa a daidai lokacin da dalmar ke barin hannuna, wani ɓangare na zuciyata yana son kyamarar ta dawo.

Bayan kwana tara muka koma asibiti, don hawan matakala uku na ƙofar gida ya fara sa ta tsayawa. Likita ya saurara, ya sa aka yi mata hoton ƙirji, ya ce ƙofar ta ƙara lalacewa, za a yi aiki a watan Nuwamba. Ya tambaye ta ko ta kiyaye arba'in.

"Sosai," in ji Hisae. "Mijina ba ya kuskuren ƙirga."

Da ta shiga sa rigarta na bi shi zuwa baranda.

"Likita, in mutum ya wuce sau ɗaya. A ce da sha takwas. Zai iya jawo wannan?"

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Zai iya. Zai kuma iya zama da can haka za ta yi, ko da a kan kujera ta wuni. Ba wanda zai iya rarrabe maka."

"Ba wani gwaji?"

"Babu, Tokuji-san."

Ya shiga wajen mai bi mata. Hisae ta fito tana gyara wuyan riga, ta ce yunwa take ji, kuma tun da an shigo birni ba za ta koma gida ba sai ta ci taliya mai zafi a shagon bakin tasha. Shagon yana hawa na biyu. Muka tsaya a gindin matakalar, ta ɗaga kai ta duba tsawonta, ta kama hannun rigata, muka fara hawa ɗaya bayan ɗaya.